Kafin Labari Ya Iso Kasuwa: Wahalar Bibiyar Dokokin Ƙasashe

A Agadas, kafin 2015, ɗaukar matafiya zuwa Libiya sana'a ce da ake yi ido na ganin ido. Kowace Litinin ayarin motoci ƙirar Hilux yakan tashi da rakiyar sojoji ya nufi Dirku. Direba ya san abin da zai biya a kowane shinge, mai masauki ya san kasonsa, mai sayar da jarkokin ruwa da rawani ya san ranar cinikinsa. Sai aka wayi gari da doka mai lamba 2015-36, ta ranar 26 ga Mayun 2015, wadda ta mayar da wannan aiki laifin safarar baƙin haure, ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar miliyoyin sefa da ƙwace mota. Dokar ta yi fiye da shekara tana kwance a takarda, ayari yana tashi kamar kullum. Sai a 2016, da Tarayyar Turai ta matsa lamba ta kuma zuba kuɗi, aka fara kame. Direbobi suka shiga gidan kaso, motocin da aka ƙwace aka jibge su rana tana dukansu, waɗanda suka ƙi barin sana'ar suka koma bin hanyoyin da ba rijiya cikin Tenere, inda ƙishirwa ta kashe mutane da yawa. Ranar 25 ga Nuwamban 2023, wata huɗu bayan juyin mulki a Nijar, Janar Abdourahamane Tchiani ya sa hannu ya soke dokar, har aka shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashinta.

Hanyar Dirku ba ta gusa ko da taku ɗaya ba a waɗannan shekaru takwas. Takarda ce ta sauya sau biyu, kuma kowane sauyi ya taɓa tukunyar dubban gidaje.

Bahaushe mutum ne da ke rayuwa a ƙarƙashin dokokin ƙasashe da dama lokaci guda, ko ya sani ko bai sani ba. An haife shi a Katsina, yana saro kaya a Maraɗi, ƙaninsa yana da shago a zangon Kumasi, 'yarsa tana neman gurbin karatu a Birtaniya, mahaifiyarsa tana tara kuɗin kujerar Makka, riɗin da ya noma kuma zai ƙare a wata masana'anta a Turkiyya ko Japan. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe tana da majalisa ko fadar da ke fitar da doka, kuma babu wadda za ta aiko masa da wasiƙa. Kotunan duniya sun haɗu a kan magana ɗaya: rashin sanin doka ba hujja ba ne. To ta wace hanya sanin zai iso gare shi? A yau yawanci ta saƙon murya a WhatsApp yake zuwa, wanda ke farawa da "wai an ce", ba suna, ba kwanan wata, ba lambar doka.

Waken da Turai ta mayar

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san abokin gabarsa ƙwaro ne. Ka ɗinke buhu da kaka, kafin bazara ka kwance ka tarar duk ya huhhuje, gari yana zuba. Maganin da ya fi arha da sauƙi a wurin mai sito, daga ƙauye har kasuwar Dawanau ta Kano, shi ne fiya-fiya, ruwan magani mai sinadarin dichlorvos: a yayyafa, a ɗinke bakin buhu, a jera. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya ƙasashenta baki ɗaya. Ƙa'idarta ita ce kada ragowar wannan sinadari ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo. Gwajin da aka yi wa waken Najeriya ya nuna daga 0.03 har zuwa 4.6. An ce dakatarwar ta shekara ɗaya ce. Da wa'adin ya cika a 2016 aka ƙara shekara uku, daga nan aka yi ta sabuntawa.

Abin da ya fi ciwo shi ne ba kwatsam abin ya zo ba. Turai tana da tsarin gargaɗin gaggawa kan abinci mai suna RASFF, inda kowace ƙasa ke shigar da rahoton kayan da aka tsare a tashar jirgin ruwanta ko filin jirgin samanta, kuma duk mai intanet zai iya dubawa. Daga Janairun 2013 zuwa ranar dakatarwar an shigar da rahoto fiye da 50 a kan waken Najeriya. Shekara biyu da rabi ke nan ana buga ƙararrawa a Brussels, amma ƙarar ba ta sauko bakin sito ba, inda wani zai zauna a kan benci ya ce, "Alhaji, maganin nan da yara ke zubawa zai rufe mana kasuwa guda." Alhali ga mafita a kusa. Buhun PICS mai ninki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue da takwarorinsu na Afirka suka ƙirƙiro, yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska ba tare da ɗigon magani ba, kuma tun wajen 2007 ake yaɗa shi a Najeriya da Nijar. Kada kuma a manta, waken da Bature ya ce ba zai ci ba, mu da 'ya'yanmu muke yin ƙosai da alala da shi.

Turai tana da jerin kayayyakin da take tsaurara wa bincike, kuma ba a kan dutse aka sassaƙa shi ba. Duk wata shida ake sake duba shi, a cire wani a saka wani, a ƙara yawan kwantenonin da za a buɗe ko a rage. Riɗin Najeriya yana ciki, saboda ƙwayar cutar salmonella. Mai fitar da riɗin da bai san an sake jerin ba, zai ji labari ne ranar da kayansa suka maƙale a tashar Rotterdam kuɗin ajiya yana hawa.

Akwai kuma wata ƙofa da take buɗe, kyauta, da ba a cika shiga ba. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabanta tun 2021, ta wajabta wa mambobinta cewa duk wadda za ta sauya ƙa'idar lafiyar abinci ko ingancin kaya ta yadda zai taɓa ciniki, ta sanar tun abin yana daftari, ta kuma ba da wajen kwana 60 don jin ƙorafi. Dubban irin wannan sanarwa ke fita kowace shekara. A 2016 aka buɗe shafin ePing domin tace su. Mutum ya yi rajista, ya zaɓi kayan da suka dame shi, a ce riɗi da citta da zoɓo da ƙaro, ya zaɓi ƙasashen da yake kai wa, sai saƙo ya riƙa shigo masa ta imel. Sanarwar ba ta wuce shafi biyu: sunan ƙasa, lambar kaya, taƙaitaccen bayanin abin da za a sauya, ranar rufe ƙorafi, da ranar da ake sa ran fara aiki. Amma da Ingilishi ko Faransanci ko Sifaniyanci take zuwa. A nan gizo ke saƙar.

Ƙuduri daban, doka daban, ranar fara aiki daban

Mafi yawan ruɗanin da ake faɗawa yana fitowa ne daga cakuɗa abubuwan da ba ɗaya ba: ƙudurin da ake muhawara a kansa, dokar da aka sa wa hannu, da ranar da za ta fara ci. A Najeriya ƙuduri sai ya tsallake karatu uku a majalisar wakilai da ta dattawa, a daidaita kwafin biyu in sun saɓa, sannan a kai wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 na tsarin mulkin 1999 ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisa sun sake amincewa. Ƙudurori da yawa a hanya suke mutuwa. Wanda aka gabatar a majalisar dattawa a 2019 don sa wa shafukan sada zumunta linzami ya tayar da ƙura sosai, ya tsallake karatu na biyu, amma bai taɓa zama doka ba.

Dokokin haraji su ne misali mafi kusa. A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurori huɗu. Kafin watan ya ƙare gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna sun ce ba su yarda da tsarin rabon harajin VAT da ke ciki ba. Daftarin farko ya nemi a ɗaga VAT daga kashi 7.5 zuwa 10, a yi ta hawa har 15. Aka yi ta ja-in-ja, aka gyara tsarin rabon, aka bar VAT a 7.5 ɗinsa. Ranar 26 ga Yunin 2025 aka sa hannu, aka kuma tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar da sabon tsarin harajin zai fara aiki, inda naira 800,000 ta farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba haraji a kanta. Wata goma sha biyar ke nan tsakanin ƙuduri da aiki, kuma abin da ya fito a ƙarshe ya sha bamban da abin da ya shiga. Amma har yanzu za ka zauna a majalisar shayi ka ji ana rantsuwa an ƙara VAT, domin labarin daftarin farko ne ya riga ya zauna a kunne, na gyaran kuwa bai samu mai yayata shi ba.

Ko bayan sa hannun ma magana ba ta ƙare ba. A watan Disamban 2025 ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya ce kwafin dokokin da aka buga a gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokokinta, ya sha bamban da wanda suka zartar. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, daga baya shugabanninta suka ba da umarni a sake bugawa a kuma fitar da kwafi mai hatimin tabbatarwa. Ko mece ce gaskiyar abin da ya faru, darasin da mai bibiyar doka zai ɗauka a fili yake: da a ce babu wanda ya zauna ya ajiye takardun biyu gefe da gefe ya bi su layi-layi, da ba a ma san akwai abin tambaya ba. Wannan aiki ne mai gajiyarwa, ba kyamara a wurinsa, amma shi ne tushen sana'ar.

Turai ma tana da nata jan ƙafar. Dokarta ta hana shigar kayan da aka samar ta hanyar sare daji, mai lamba 2023/1115, ta zama doka a Yunin 2023. Ta shafi koko da kofi da manja da roba da waken soya da katako da shanu, ta ce sai mai kaya ya nuna ainihin gonar da suka fito da shaidar ba a sare daji a wurin ba bayan 31 ga Disamban 2020. An sa za ta fara aiki a ƙarshen 2024, aka ɗage zuwa ƙarshen 2025, aka sake ɗagewa. Wanda ya ji labarin ɗagewa ya ɗauka an soke, ya yi kuskure. Wanda kuma ya ji an ambaci fata ya tsorata gaba ɗaya, shi ma bai karanta ba: fatar da aka lissafa a jadawalin dokar ta shanu ce, ba ta ambaci ta akuya ko ta tunkiya ba, su kuwa su ne ƙashin bayan abin da majemun Kano ke fitarwa. Jadawalin da ke can ƙarshen doka, wanda kowa ke tsallakewa, sau da yawa shi ne ke faɗa maka ko kana ciki ko ba ka ciki.

Dokar da ba ta bi ta majalisa ba

Wanda ya zuba wa majalisa ido kaɗai zai rasa fiye da rabin abin da ke faruwa, domin ƙa'idojin da suka fi saurin taɓa talaka ministoci da hukumomi ne ke fitar da su, da ikon da wata tsohuwar doka ta ba su. Sharuɗɗan shige da fice na Birtaniya ba a yi musu karatu uku. Ministan cikin gida ne ke ajiye takardar sauye-sauye a gaban majalisa, sau da dama a shekara, in ba a yi jayayya ba ta fara aiki a ranar da aka rubuta. Ta haka ne aka sanar a Mayun 2023 cewa daga 1 ga Janairun 2024 ɗalibin da ya je digiri na biyu na zaman aji ba zai tafi da mata ko miji ko 'ya'ya ba. Ranar 11 ga Maris na 2024 aka yi wa masu aikin kula da tsofaffi haka. A Afrilu aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700, a Yulin 2025 ya koma 41,700, aka kuma rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Iyalin da suka sayar da fili bisa shawarar ɗan'uwan da ya tafi a 2022 sun yi lissafi ne da ƙa'idar da ta riga ta mutu. Shi ɗan'uwan ba ƙarya ya yi ba, abin da ya sani ya faɗa.

A Saudiyya kuwa rashin sanin yakan kai ga rasa rai. Da yawa har yanzu suna tunanin zamanin da mutum zai shiga da bizar Umara ko ta ziyara ya laɓe har lokacin Arfa. A aikin Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin ƙasar sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari kuma marasa tasrihi ne, wato izinin yin Hajji, waɗanda ba su da tanti mai sanyi ko motar da za ta ɗauke su. A shekarar tarar yin Hajji ba tasrihi riyal 10,000 ce. A 2025 ta koma 20,000, tare da kora da hana shiga ƙasar na shekara 10, wanda ya ba da masauki ko ya yi jigila kuma tararsa tana iya kaiwa 100,000. Haka nan gyaran tsarin kafili da ya fara aiki a Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba tare da izinin ubangida ba. Labarin ya bazu cewa an soke kafala. Abin da bai bazu ba shi ne gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, waɗanda su ne akasarin 'yan'uwanmu da dillalai ke kwasa.

A nan kusa ma haka ne. A Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da shinkafa, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, ana dab da Babbar Salla, ta hana fitar da dabbobi, abin da aka ji a jika a kasuwannin Maigatari da Mai'aduwa da Illela. A Agustan 2025 Najeriya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na wata shida, nan take ba wa'adi, farashi ya faɗi a hannun matan karkara da suka sha wahalar tsinta. Irin wannan umarni ba shi da daftari da za a gani tun da wuri. Iyakar abin da mai bibiya zai yi shi ne ya lura da alamu: Burkina Faso da Mali da wasu maƙwabta sun riga Najeriya hana fitar da kaɗanya, kuma ƙasashen yankin nan suna yawan kwaikwayon juna.

Tsofaffin zango ba sa bukatar a yi musu wannan bayani. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama a Ghana mako biyu ya tattara nasa ya nasa. Cikin waɗanda suka hau manyan motoci har da mutanen da a can aka yanke musu cibi, waɗanda kakanninsu suka je Gwanja fataucin goro tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Ghana. Ba su taɓa tunanin takarda za ta raba su da gidajensu ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka, mutum wajen miliyan biyu suka fice daga Najeriya. Daga baya rigimar ta koma kan dokar zuba jari ta Ghana ta 2013, mai lamba 865, wadda ta keɓe wa 'yan ƙasa kasa kaya a kasuwa, ta ce baƙon da zai yi harkar saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya ya kuma ɗauki 'yan Ghana 20 aiki. Ɗan kasuwar Najeriya yana riƙe da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta 'yancin zirga-zirga, jami'in Ghana yana riƙe da dokar ƙasarsa, kowa da takardarsa, a 2019 da 2020 kuma aka garƙame shaguna a Kumasi da Accra.

Ita kanta yarjejeniyar ta 1979 ta shiga wani hali tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025 suka fito da fasfon ƙawancensu na AES. ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku da barin su zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Duk wanda ke tsallaka Jibiya ko Kwanni ya riƙe wannan jimlar ta ƙarshe, domin ma'anarta ita ce abin da yake tafiya a kai ba tabbataccen haƙƙi ba ne, rangwame ne da za a iya janyewa. Wani abin da 'yan kasuwar Najeriya da yawa ba su sani ba: da zarar ka ba da bashin kaya a Maraɗi ko Garwa ko Njamena, dokar OHADA ce ke kanka, tsarin dokokin kasuwanci na bai ɗaya da ƙasashe 17 suka amince da shi bisa yarjejeniyar 1993, wanda kotun ƙolinsa take Abidjan. Najeriya ba ta ciki. In an gyara dokar karɓo bashi a can, ba majalisar Yamai ce za ta yi ba balle ka ji a labaran Nijar.

Ina ake samun takardar?

Manyan kamfanoni suna da ofis guda da ba shi da aiki sai wannan, suna kuma biyan makudan kuɗi ga kamfanonin lauyoyi su riƙa aiko musu da rahoto. Amma ainihin kayan aikin ba ɓoyayye ba ne. Amurka tana buga Federal Register kowace ranar aiki tun 1936. Shafin EUR-Lex yana ɗauke da dokokin Tarayyar Turai cikin harsuna 24. Na Birtaniya yana iya nuna maka yadda wani sashen doka yake a wata rana da ta wuce da yadda yake yau. Saudiyya tana da jaridar Ummul Ƙura tun 1924. Hukumar Ƙwadago ta Duniya tana tara dokokin aiki na ƙasashe a NATLEX, Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana tara na noma da kiwo a FAOLEX. A Afirka, Kenya ta yi abin a yaba: gazet ɗinta da dokokinta da hukunce-hukuncen kotunanta duk suna shafi ɗaya, kyauta.

Najeriya kuwa kundin dokokin tarayya da lauyoyi ke ambato a kotu na 2004 ne. Duk abin da aka gyara bayan nan sai mutum ya bi shi ɗaya bayan ɗaya, ko ya biya kuɗin shiga rumbun wani kamfani mai zaman kansa, ko ya dogara da ƙungiyoyi irin su PLAC ta Abuja da ke bin sawun ƙudurori. Ga kuma dokokin jihohi 36, kowace da majalisarta. In lauya mai ofis da kwamfuta yana haɗa gumi kafin ya tabbatar da wane kwafi ne ke aiki, ina ga mai awo?

Waɗanda suka goge a wannan aiki suna da wata ɗabi'a da kowa zai iya ara. In labari ya zo, kafin su yarda ko su ƙaryata sai sun tambaya wa ya fitar, majalisa ce ko minista ko kotu, sannan a wane mataki abin yake, yaushe zai fara ci, kuma wa aka ambata wa aka tsame. Ba sa isar da labari sai da lambar dokar da ranar da suka duba, domin abin da yake gaskiya a watan Rajab yana iya zama tarihi kafin Shawwal. Saƙon muryar da ba zai iya amsa ko ɗaya cikin waɗannan ba, ajiye shi ya fi tura shi.

Sai dai duk wannan yana komawa ga harshe. A zamanin Jihar Arewa majalisar Kaduna da Ingilishi da Hausa take aiki, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, tana warware wa mai karatu abin da gwamnati ta zartar cikin harshen da yake mafarki da shi. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar tarayya za ta yi aiki da Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi tanadin da ya dace, fiye da shekara 25 ke nan ana jiran tanadin. A Nijar kundin da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ma'aunin da za a gane ko abin ya wuce takarda shi ne ranar da ɗan kasuwar Damagaram zai samu umarnin ministan kasuwanci a rubuce da Hausa ranar da ya fita.

Gidajen rediyonmu suna ƙoƙari, daga Freedom ta Kano da Rediyon Tarayya na Kaduna zuwa Anfani da Studio Kalangou a Nijar da sassan Hausa na BBC da DW da RFI. Amma a ganina labarin ranar farko suke bayarwa, ranar da aka yi hayaniya. Ranar da aka gyara sashen, ko aka ɗage wa'adi, ko aka fitar da ƙa'idojin aiwatarwa, ba mai komawa, alhali a nan ne abin da zai taɓa aljihu yake. Shiri na minti goma sha biyar a mako, wanda lauya da ɗan jarida za su zauna su ce ga abin da ya sauya a Abuja da Yamai da Accra da Riyad da Brussels, ga lambarsa, ga ranar da zai fara, zai yi amfanin da sa'o'in cacar baki na siyasa ba sa yi.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ma ba sai sun jira gwamnati ba. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin gyaran kwalbati da biyan 'yan sintiri a Dawanau ko Kantin Kwari ko babbar kasuwar Maraɗi ba za ta gaza albashin matashi ɗaya mai jin Ingilishi da Faransanci ba, ga su nan birjik sun gama jami'a suna zaune. A ba shi waya da kuɗin data, ya yi rajistar ePing da sunan ƙungiya, ya riƙa duba RASFF da sanarwar kwastan ta ƙasashen da ake kai kaya, duk Juma'a bayan an sauko masallaci ya karanta wa shugabannin layi abin da ya gani, ya kuma naɗa shi da muryarsa, da sunansa da kwanan wata, a tura wa mambobi.